Mastas A Makanikal: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ina gaida mutanen Karaye da na Rogo, na cikin gari da na ƙauye. Ina gaida masu jin mu a bakin dam, da masu jin mu a gonar rake, da makanikan da suka rataye rediyo a jikin ƙusa suna ta fama da sifana. Sannunku da aiki.

Yau maganar karatu za mu yi. Karatun injiniya, ɓangaren injuna, wanda ɗalibai ke ce wa makanikal. Kuma ba digirin farko ba, na biyu. Wato mastas. Me ake nema kafin a ɗauki mutum? Me ake nema kafin a sallame shi da takarda?

Na san wani zai ce, Malam, mu da ke fama da kuɗin jarrabawar sakandare, ina mu ina mastas? Ka yi haƙuri, kada ka murɗa tashar. Kai na fi nufi da wannan magana. Domin ba ranar sayen fom ake fara digiri na biyu ba. Tun yaro yana sakandare ake fara shi.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauko zancen.

Kwanakin baya na raka ɗan ƙanwata wani kafe a cikin Kano. Ya gama digirinsa na makanikal, ya gama bautar ƙasa. A gida tuni an daina kiran sunansa, sai Injiniya. Muka zauna, yaron kafe yana cika masa fom. Suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, duk lafiya lau. Sai aka zo gurbin matakin digiri. Ya miƙa takardarsa. Yaron kafen ya duba, ya ɗago kai, ya ce, "Injiniya, da wannan sai dai ka fara da PGD." Shiru ya yi. Da muka fito bakin titi ya ce da ni, "Kawu, wallahi a aji ɗaya na zubar da makin nan. Lokacin ba wanda ya gaya mini zai biyo ni har nan."

Ba wanda ya gaya masa. To, shi ya sa yau nake gaya muku.

Mu fara daga tushe. Duk jami'ar da ka nufa a ƙasar nan, sai ta koma ta tambaye ka sakamakon sakandare. Mutane kan yi mamaki. Mutum da digirinsa a hannu, a ce ya kawo takardar WAEC ko NECO ko NABTEB? E, sai ya kawo. Kiredit biyar ake so, kuma a fannin injiniya dole a samu Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a ciki. Galibi kuma ba a yarda zaman jarrabawar ya wuce biyu ba. Wanda ya lallaɓa ya wuce da fas a Turanci shekaru goma baya, a nan ake tare shi.

Iyaye, kun ji inda maganar ta shafe ku. Yaron da ke aji huɗu na sakandare a Turawa ko Yammedi ko Zarewa, yau ake yanke masa hukunci. Idan makarantarsu ba malamin Fiziks, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙofa ce ake rufewa a hankali, ba wanda ke jin ƙararta. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Ku tambayi manyan injiniyoyi da likitocin jihar nan inda suka yi sakandare, za ku sha jin sunayen nan biyu.

Sai mu matsa gaba, zuwa digirin farko. Karatun injiniya shekara biyar ne. A aji huɗu ana tura ɗalibi masana'anta ya yi wata shida yana koyon aiki da hannu. A ƙarshe a tattara makinsa tun daga aji ɗaya, a fitar masa da mataki. A ma'aunin maki 5, wanda ya kai 4.50 shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 daraja ta biyu ce ta sama. Daga 2.40 daraja ta biyu ta ƙasa. Abin da ya gaza haka ya faɗa daraja ta uku ko ƙasa da ita.

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce, mastas ba ta karɓar ƙasa da daraja ta biyu ta ƙasa. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Wannan bakin ƙofa ne kawai. Wasu sassan sai ka kai maki 3 kafin su dubi fom ɗinka. Gurbi kaɗan ne, malaman da za su duba bincike ƙididdigaggu ne, masu nema kuwa ga su nan birjik. Wani wurin ma sai an zauna jarrabawar tantancewa. Idan aka jera takardu a tebur, na sama ake fara ɗauka.

Ɗalibai, ku ji da kyau. Makin aji ɗaya da na aji biyu su ne harsashin ginin. Lokacin ne yaro ya baro gida, ya ga gari, ya ga 'yanci. Lokacin ne kuma ake koyar da lissafin da komai zai hau kansa. Wanda ya yi sake a nan, ko ya farka a aji huɗu, jan makin sama yakan zama kamar tura mota a hawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wasu takardu biyu da ke kayar da mutane, alhali ba ruwansu da ƙwaƙwalwa. Ta farko takardar bautar ƙasa. Ko shaidar ka gama, ko shaidar an yafe maka, kamar wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala. Ta biyu ita ce takardar da ke ɗauke da sakamakon kowane darasi da ka yi, wadda ake kira taransikirif. Ba kai za ka kai ta da hannunka ba. Makarantarka ce za ta aika. Ni da kaina na taɓa yin sintiri wata uku a kan wannan takarda a wata makaranta da ba zan kama suna ba. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ba. Har aka rufe karɓa. Shekara guda ta tafi a banza. Don haka wanda ke da niyya, ya nemi tasa tun kafin a fara sayar da fom. Ya kuma riƙe zumunci da malamansa, domin za a nemi waɗanda za su rubuto shaida a kansa. Malamin da rabonka da gaishe shi tun ranar yaye ku, da wane ido za ka je masa?

Wani gargaɗi a nan, a gurguje. A tabbatar digirin farko daga inda aka amince da shi ya fito, wato Hukumar Kula da Jami'o'i ta san da kwas ɗin, majalisar injiniyoyi ta COREN ma ta san da shi. Ba mu manta ba, a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Uba ya sayar da shanu, ɗa ya dawo da takardar da ba ta shiga ko'ina. Allah Ya kiyaye.

To, masu sauraro, wanda ya samu daraja ta uku fa? Wanda kuma ya biyo ta kwalejin fasaha ya fito da babbar difloma, wato HND? Shi ke nan an rufe da shi?

A'a. Akwai gada. Ita ce PGD ɗin da yaron kafe ya ambata, diflomar gaba da digiri. Shekara guda ce ko ɗan fiye. Idan mutum ya fito da sakamako mai kyau, sai ya nemi mastas da ita. Haka wanda ya karanta wani fannin da ke maƙwabtaka, kamar Fiziks, yake son tsallakowa makanikal, galibi ta wannan gada ake bi da shi.

Kuma kada kowa ya raina wannan hanya. Ba siyasa na kawo muku ba, misali ne kowa ya sani. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta makarantar koyon sana'a ta Wudil ya faro. Ya yi kwalejin fasaha ta Kaduna, ya yi ƙaramar difloma da babba. Daga baya ya tafi Ingila, ya yi digiri na biyu a fannin injiniyan ruwa a Jami'ar Loughborough. Ko kana tare da shi ko ba ka tare da shi, hanyar dai ta ɓulle. Ni a ganina ma, wanda ya fito daga kwalejin fasaha yakan zo da abin da ɗan jami'a ba shi da shi. Hannunsa ya san ƙarfe. Abin da zai ƙara shi ne lissafi.

Ina ake karatun? Alhamdu lillahi, ba mu yi nisa da shi ba. Duk ɗan Karayen da ya biyo hanyar Gwarzo zuwa birni, ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake wucewa. A can akwai mastas a ɓangaren makamashi, akwai a ɓangaren sarrafa kaya a masana'anta. Mutumin Rogo kuwa Zariya ta fi masa Kano kusa, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, uwa ma ba da mama a karatun injiniya a Arewa. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Kowace da ƙa'idarta, kuma ƙa'ida takan sauya. Ka karanta sanarwar shekarar da idonka. Kada ka dogara da "an ce".

Wannan duk sharuɗɗan shiga ne. Yanzu mu juya ga na fita, domin shiga daban, fita daban.

Shekarar farko ta aji ce. Za a koma da kai kan lissafi, mai zurfi wannan karon. Za ka karanta yadda zafi ke ratsa ƙarfe, da yadda ruwa da iska ke gudu a cikin bututu. Za ka koyi dalilin da ke sa ƙarfe ya gaji ya karye, ko da ba a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Za ka zana sassan inji a kwamfuta, ka gwada su a can kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Kuma makin tsira ya tashi. A digirin farko mutum kan sha da 40 ko 45. A nan, a yawancin jami'o'inmu, abin da ya gaza 50 faɗuwa ce.

Bayan aji sai bincike. A nan ake gane ɗalibi. Za a haɗa ka da malami mai duba aikinka. Za ka tsaya gaban malaman sashe ka faɗi abin da kake son bincikawa, su yi maka tambayoyi har gumi ya keto maka. Idan sun yarda, ka tafi ka yi aikin. Ka ƙera, ka gwada, ka auna, ka rubuta. A saka kundin a manhajar kama satar rubutu. Ka kare shi a cikin gida. Sannan a gayyato wani malami daga wata jami'a, wanda bai san ka ba bai san mahaifinka ba, ya zauna ya tisa ka gaba. Sai ya gamsu ake cewa ka gama.

A takarda, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne. A zahiri, sau da yawa yakan zarce. Wani lokaci laifin ɗalibi ne, ya haɗa aiki da iyali da karatu. Wani lokaci na'urar gwaji ce ta lalace. Wani lokaci yajin aiki ne, kamar na 2022 da ya ci wata takwas cur. Wanda zai shiga ya shiga da guzurin haƙuri.

Yanzu ga inda na fi so ku ba ni kunnuwanku. Me za a bincika?

Yaranmu da yawa, idan aka ce su kawo batun bincike, sai su faɗa intanet. Su kwaso abin da wani ya yi a Indiya ko Malesiya, su sauya masa suna. A gama, a ɗaure kundi da baƙar fata, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Alhali ɗan Karaye da ɗan Rogo a tsakiyar batutuwan bincike aka haife su.

Ku zo mu je bakin dam. Dam ɗin Challawa, da aka kammala a 1992, bangonsa ya kusa kilomita 8. Kowace ƙofar ruwa da ke jikinsa aikin makanikal ce. Injinan da ake juyawa da ƙarfin ruwa don samar da lantarki, irin aikin da gwamnatin Kano ta ɗauko a Tiga da Challawa, aikin makanikal ne. Amma mu bar manya, mu sauko kan ƙaramin injin ban ruwa, wanda manomi ke ɗaurawa a bayan babur.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, me muka gani? Manoman rani da yawa sun mayar da injinansu kan gas. Ka je fadama ka ga tukunyar gas a gefen rijiya, an jawo tiyo an haɗa da kafireto. Makanikan gari ne suka yi wannan dabara, ba farfesa ba. A jinjina musu. To amma akwai tambayoyin da makanike ba shi da kayan amsa su. Injin yana ƙara zafi ne ko kuwa? Ringi da fiston suna kai kwanakin da suka saba kaiwa? Ruwan da yake turowa a awa guda ya ragu ko yana nan? Idan aka lissafa har da kuɗin gyara, wanne ya fi sauƙi, fetur ko gas ko sola? Wannan kundin mastas ne sukutum. Kuma ranar da aka gama shi, akwai dubban manoma da ke jiran amsar.

Mu leƙa wurin masu mazarƙwaila. Ka tsaya kusa da injin matse rake. Ka ɗauki tukar da ta fito ta bayansa, ka murɗa da hannunka. Za ka ji danshi. Ka ɗanɗana, za ka ji zaƙi. Wannan zaƙin kuɗi ne ke tafiya cikin wuta. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan matsewa, da saurin juyawarsu, da irin zanen da ke jikinsu, su ke yanke yawan ruwan da zai fita. Wa ya auna? Murhun da ake dafa ruwan raken, zafi nawa ne ke shiga tukunya, nawa ke bin iska? Wa ya auna?

Haka injin casar masara da ke farfasa ƙwaya. Haka boris ɗin da ke mutuwa duk bayan mako biyu a injin niƙa, mai injin yana ta zagin ɗan kasuwa, alhali wataƙila sandar ce ba ta zauna daidai ba. Bambancin makanike da injiniya ke nan. Makanike zai canza boris. Injiniya zai gano abin da ke kashe shi. Mai mastas kuwa, shi ake sa ran ya auna, ya rubuta, ya sake zanen yadda na gaba ba zai mutu ba. Kuma ba wanda zai iya shi kaɗai. Mai digirin da ke ƙyamar zama a benci ɗaya da mai walda, bincikensa ba zai wuce takarda ba.

Wani zai ce, to mastas ɗin ce ke mayar da mutum cikakken injiniya? A'a, kada a haɗa. Rajistar injiniya a hannun COREN take, wadda aka kafa tun 1970, kuma sai mutum ya yi shekaru yana aiki a fagen kafin ta ba shi hatimi. Mastas zurfi take ƙarawa. Ita ce kuma tsanin mai son koyarwa a jami'a ko ya wuce digiri na uku.

Saura maganar kuɗi, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai nauyi. Ban da kuɗin makaranta, binciken makanikal yana cin ƙarfe, yana cin walda, yana cin kuɗin gwaji. Akwai tallafi, amma ku lura da wanda yake samu. Asusun PTDF da ke tura ɗalibai waje, daraja ta biyu ta sama yake fara dubawa. Shirin gwamnatin Kano na 2023, na ɗalibai 1,001 da aka ware wa karatun mastas a Indiya da Uganda, masu daraja ta ɗaya aka kira. Kun ga mun sake dawowa inda muka faro. Makin da yaro ya zubar a aji ɗaya, shi ne kujerar jirgin da ta wuce shi bayan shekara shida. Ba ranar sayen fom ake fara digiri na biyu ba.

Ɗan ƙanwar tawa, in kun tambaya, ya sayi fom ɗin PGD. Ya ce in Allah Ya kai shi mastas, a kan injin ban ruwa mai gas zai yi bincikensa, a fadamar mahaifinsa.

Kafin in sallame ku, ina da roƙo. Iyaye, idan yaro ya dawo hutu, kada a tsaya a "yaya karatu?" A ce ya nuna sakamako, ko ba a iya karantawa ba a kai wa wanda ya iya. Ƙungiyoyin ɗalibai na Karaye da Rogo, ku riƙa tara ƙannenku 'yan aji ɗaya kuna faɗa musu abin da ba a faɗa muku ba. 'Ya'yanmu mata masu son lissafi, a bar su su shiga, fannin nan bai hana kowa ba. Masu hali, da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu, da masarautarmu ta Karaye, ku ɗauki nauyin binciken ɗalibi ko da ɗaya ne a shekara, da sharaɗin ya yi shi a kan injin da mutanenmu ke amfani da shi. Kai kuma mai injin rake, kai mai injin ban ruwa, idan wani yaro ya zo da littafi da ma'auni ya ce zai gwada injinka, kada ka kore shi. Ka ba shi wurin zama.